Ƙidayar ambato, da labarin matar da jami'arta ta rage wa matsayi

 

Maganar yau daga wata gardama ta taso, a wani guruf ɗinmu na WhatsApp. Wani ya turo fosta ta wani farfesa, an rubuta cewa yana cikin kashi 2 cikin ɗari na manyan masana kimiyya na duniya, wai an ambaci ayyukansa sau dubu kaza. Nan take aka fara masha Allah, ana tura hoton tafi. Sai wata ƙanwarmu da ke aji uku a fannin kimiyyar lafiya ta yi tambaya, ta ce: "Don Allah yaya, me ya gano?" Wallahi guruf ya yi tsit. Mu kusan tamanin, babu wanda ya iya ba ta amsa, har da ni. Wani ma ya ce mata hassada ce ke damunta. Ni kuwa tambayar ta hana ni sakat, shi ya sa na ce yau sai mun zauna a kanta.

Bari mu fara da mene ne ma ambaton nan. Idan mai bincike ya gama aiki, yana rubuta shi a maƙala, ya aika wa mujallar kimiyya, wasu masana su duba, in sun yarda a buga. To duk wanda ya zo daga baya ya yi nasa binciken ya dogara da wannan aikin, sai ya sa sunan maƙalar a jerin da ke ƙarshen tasa. Wannan shi ne ambato ɗaya. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya mayar da ƙirga wannan abu sana'a, ya fitar da kundin ambaton kimiyya a 1964. Yau kuma Google Scholar da Scopus suna yi maka lissafin a cikin daƙiƙa.

A 2005 wani masanin fiziks a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro wata lamba da ake kira ma'aunin h. Mai sauƙi ce. Idan aka ce ma'aunin h ɗinka 20 ne, ana nufin kana da maƙaloli 20 da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 20. Ita ce lambar da za ku ga malamanmu suna sawa a takardun neman aiki. Ku riƙe shekarar nan ta 2005, za mu dawo kanta.

Yanzu ga labarin. Katalin Karikó 'yar ƙasar Hungary ce, an haife ta a 1955, mahaifinta mahauci ne. Ta yi digirin digirgir a jami'ar Szeged. A 1985 kuɗin ɗakin binciken da take aiki ya ƙare, sai ta tattara mijinta da 'yarta 'yar shekara biyu suka tafi Amurka. Gwamnatin ƙasarsu a lokacin ba ta barin a fita da kuɗi mai yawa, don haka suka sayar da motarsu, ta ɗinke kuɗin a cikin 'yar tsanar yarinyar, fam 900. Da shi suka fara rayuwa a Filadelfiya. A 1989 ta koma Jami'ar Pennsylvania.

Abu ɗaya ta sa a gaba, shi ne mRNA. Kada sunan ya ba ku tsoro. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinka akwai DNA, kamar babban littafi ne da aka kulle a ɗaki, ba a fita da shi. Idan jiki yana son ƙera wani furotin, sai a kwafo shafin da ake buƙata a 'yar takarda, a ba ɗan aike ya kai wurin masu ƙira. Wannan 'yar takardar ita ce mRNA. Tunanin Karikó shi ne, me zai hana mu rubuta tamu takardar a ɗakin gwaji, mu aika cikin jiki, jiki da kansa ya ƙera maganin da muke so?

Tunani mai kyau, amma ya ƙi aiki. Takardar tana saurin lalacewa, sannan in an saka ta a jikin dabba, garkuwar jiki sai ta tayar da hankali, kumburi ya tashi. Masu ba da tallafin bincike suka yi ta mayar mata da takardun neman kuɗi. A 1995 jami'ar ta ba ta zaɓi: ko ta bar maganar mRNA, ko a sauke ta daga layin da ke kai mutum ga zama farfesa, a rage mata matsayi da albashi. A daidai wannan lokacin aka gano tana da ciwon daji, mijinta kuma ya maƙale a Hungary saboda matsalar biza. Ta karɓi ragin matsayin, ta ci gaba da aikinta.

A nan dole in yi adalci, don na ga wasu suna ba da labarin nan kamar ƙarancin ambato ne ya sa aka sauke ta. A'a. A 1995 ma'aunin h bai ma zo duniya ba. Abin da jami'ar ta ƙirga shi ne kuɗin tallafi da take jawowa, ita kuma ba ta jawo ba. Amma ku lura, ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Hukuma tana da mutum ɗari da za ta auna, ba ta da lokacin karanta aikin kowa, sai ta nemi lamba ɗaya ta kama. Can dala ce, nan yawan maƙaloli.

Wajen 1997 ta haɗu da Drew Weissman a gindin injin fotokwafi, kowa yana jiran ya kwafi maƙalolin da zai karanta. Shi likita ne, masanin garkuwar jiki, yana neman hanyar yin rigakafin cutar HIV. Ta ce masa ita za ta iya haɗa masa kowane irin mRNA yake so. Daga nan suka fara aiki tare.

Abin da suka gano shi ne inda na fi so mu tsaya, domin shi ne amsar tambayar ƙanwarmu: me aka gano? A jikinmu akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da aikinsu gadi ne. Suna da na'urorin ganewa da ke shinshino RNA na baƙo, domin ƙwayoyin cuta da yawa da RNA suke shigowa. Da zarar sun ji ƙamshinsa sai su buga ƙararrawa. To amma jikinmu ma cike yake da RNA nasa na kansa, me ya sa masu gadin ba sa kama shi? Karikó da Weissman sun lura cewa wani nau'in RNA na jiki, wanda ake kira tRNA, ba ya tayar da ƙararrawar. Da suka duba, sai suka ga haruffansa da yawa an yi musu 'yan gyare-gyare, kamar wasiƙar da aka buga wa hatimin gida. Shi kuwa wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji tsirara yake, babu hatimi. RNA da haruffa huɗu ake rubuta shi. Sai suka cire ɗaya, mai suna uridin, suka sa ɗan uwansa da aka ɗan murɗa, sudo-uridin. Masu gadi suka bar saƙon ya wuce. Daga baya, a 2008, suka nuna cewa saƙon da aka gyara ma ya fi sa jiki ƙera furotin mai yawa.

Kun tuna na ce ku riƙe 2005? A shekarar da Hirsch ya fitar da ma'auninsa, a ita suka buga wannan binciken. Manyan mujallun nan biyu, Nature da Science, sun ƙi karɓa. Mujallar Immunity ce ta buga. Weissman ya ba da labari cewa ya gaya mata ta shirya, wayoyinsu za su yi ta ƙara. Babu wanda ya kira. Shekaru suka yi ta wucewa, mutane ƙalilan ne suka kula da maƙalar.

Amma cikin ƙalilan ɗin akwai waɗanda suka gane abin da ke hannunsu. Wani mai bincike a Harvard, Derrick Rossi, ya yi amfani da dabarar a aikin da ya buga a 2010, kuma yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Moderna. A 2013 Karikó ta bar matsayinta a jami'ar ba tare da ta zama cikakkiyar farfesa ba, ta koma wani kamfani a garin Mainz na Jamus, BioNTech, wanda a lokacin kusan babu wanda ya san shi. Da korona ta zo a 2020, alluran rigakafi biyu da suka fara samun izini a Amurka, ta Pfizer da BioNTech da ta Moderna, duka da wannan dabarar ta gyara harafi aka yi su. A watan Agustan 2021 Najeriya ta karɓi allurar Moderna sama da miliyan 4, wato wasu daga cikinku masu saurare, aikin matar nan ya shiga damtsenku. Ranar 2 ga Oktoban 2023 aka sanar da ita da Weissman a matsayin waɗanda suka ci kyautar Nobel ta fannin likitanci. Yanzu maƙalar 2005 an ambace ta sau dubbai. Ko harafi ɗaya ba a canza a cikinta ba tun ranar da aka buga ta.

Wani zai ce to ai daga ƙarshe lambar ta gaskata ta. Haka ne, bayan shekara goma sha biyar da annoba. Mutum nawa ne za su iya jira haka? Ita ta jure, kuma an yi sa'a wasu abokan aiki sun riƙa ba ta wurin zama a ɗakunan bincikensu. Wanda bai samu wannan ba, ya bar aikin ya kama wata sana'a, ba mu ma san sunansa ba balle mu ƙirga shi.

Bari in juya abin ta ɗaya gefen. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙaloli 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokansa, ta 1951, an ambace ta sama da sau 300,000. Me ta ƙunsa? Hanyar auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji. Aiki ne mai amfani, kamar mudu ne a kasuwa, kowa sai ya taɓa shi. Amma maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta ma shiga ɗarin ba. Idan abu ya zama sanin kowa, sai a daina ambaton wanda ya fara faɗa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya buga maƙala a mujallar The Lancet, a kan yara 12 kacal, yana alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da cutar galahanga. Bincike ya nuna an yi maguɗi a aikin. A 2010 mujallar ta janye maƙalar, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya. Iyaye da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu rigakafi saboda ita, ƙyanda ta dawo wuraren da aka kusa mantawa da ita. Wannan maƙalar an ambace ta sama da sau dubu, mafi yawa masu ƙaryata ta ne. Amma kwamfuta ba ta san zagi da yabo ba, duk ɗaya take ƙirgawa. Mu da muka ga abin da jita-jita a kan allurar shan inna ta jawo mana a Arewa daga 2003, bai kamata a ruɗe mu da cewa "ai an buga a babbar mujalla" ko "ai mutum dubu sun ambata" ba.

To mu dawo kan fostar farfesanmu. Jerin nan na kashi 2 cikin ɗari gaskiya ne akwai shi. Wani farfesa a Jami'ar Stanford, John Ioannidis, da abokan aikinsa ne suke haɗa shi daga bayanan Scopus, tun 2019. Amma ba lambar yabo ba ce da jami'ar ta zauna ta zaɓi mutane ta ba su, kamar yadda fostocinmu ke nunawa. Lissafi ne na kwamfuta. Yana da kashi biyu, na tsawon rayuwar aiki da na shekara ɗaya tak, kuma yana nuna lambar mutum idan an cire ambaton da ya yi wa kansa. Fosta ba ta taɓa gaya maka wanne aka ɗauko ba. Ban ce farfesan bai cancanta ba, Allah ya sani, akwai malamanmu da suka shiga jerin da gumin goshinsu, a ɗakin gwajin da babu wuta babu ruwa. Cewa na yi fostar ba ta isa ta gaya mana ba.

Domin lambar nan ana iya noma ta. Ina aji huɗu, wani malami ya mayar mini da babi na biyu na aikina, ya ce in ƙara maƙaloli biyar nasa a ciki. Na karanta su, ko ɗaya ba ta da alaƙa da abin da nake yi. Na sa su. Ina son in gama in tafi bautar ƙasa, wa zai ja da mai riƙe da makinsa? Ku da kuka yi jami'a kun san sauran: "sa sunana in sa naka", aiki ɗaya a yanka shi gida uku a buga sau uku, mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maka komai cikin sati guda ba tare da kowa ya duba ba. Ni ban ɗora laifin duka a kan malaman ba. Idan dokar ƙarin girma ta ce kawo maƙala kaza ka zama babban malami, kawo kaza ka zama farfesa, kuma babu mai tambayar me ke ciki, to abin da aka nema shi za a kawo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Ambato yana bin yawan masu aiki a fanni. Binciken garkuwar jiki da ciwon daji fage ne mai dubban ɗakunan gwaji a Amurka, Turai da Chaina, kowace maƙala tana da jerin ambato mai tsawo, don haka lambobi suna kumbura da wuri. Yanzu ɗauki likitar da ke aiki a kan cutar nan mai cin fuskar yara, wadda ake kira noma, ba noman gona ba. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka keɓe mata. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Mutum nawa ne a duniya suke rubutu a kanta da za su ambaci wannan likitar? Haka zazzaɓin Lassa, da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Haka sikila, da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Yaro mai basira da ya gama digiri na biyu, in ya ga cewa lamba ce za ta ba shi tallafi da biza da matsayi, ina kuke ganin zai nufa? Zai bi inda ake ambato. Cututtukanmu kuma su jira.

Kuma ku tuna maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau, irin su Coartem. Tushensa artemisinin ne, wanda Tu Youyou da tawagarta suka ciro daga wani ganye a Chaina a farkon shekarun 1970. Rahoton farko da aka buga a 1977 ko sunanta babu, da sunan ƙungiya ya fita. Ba ta da digirin digirgir. Sai 2015 ta karɓi Nobel, tana da shekara 84.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce ambato banza ne. Mutumin da ya shekara ashirin yana bugawa babu wanda ya taɓa dogara da aikinsa ko sau ɗaya, akwai abin tambaya a nan. Kuma lamba tana da wata fa'ida da mu musamman ya kamata mu gane: ta fi "ɗan wane ne" adalci. Inda babu ma'auni, sanayya ce ke cike gurbin. Su ma masana a waje ba cewa suka yi a zubar da lissafi ba. A 2012 wasu editoci da masu bincike suka haɗu a San Francisco suka fitar da sanarwar da ake kira DORA, suna cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin. Wasu masu ba da tallafi a Turai yanzu suna cewa kawo ayyukanka kaɗan da ka fi alfahari da su, ka yi bayanin me suka canza. Wannan ba ya buƙatar biliyoyin naira, majalisar jami'a ce za ta zauna ta gyara takardar ƙa'ida. Ƙungiyoyin ɗalibai da na tsofaffin ɗalibai suna da bakin da za su nemi hakan, in sun ga dama.

Na koma guruf ɗin na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na buɗe shafin farfesan a Google Scholar, na jera maƙalolinsa daga wadda aka fi ambata. Na duba sunansa na nawa ne a jerin marubuta, domin a fannin lafiya na farko shi ne yawanci ya yi aikin, na ƙarshe shi ne shugaban ɗakin binciken, na tsakiya kuma a maƙala mai marubuta ɗari biyar wataƙila alƙaluma kawai ya tura. Na buɗe uku na sama na karanta taƙaitaccen bayaninsu, na danna in ga su wa ke ambatonsa, shi da abokansa ne ko baƙi daga wasu wurare. Minti ashirin ya ɗauke ni. Abin da na gani na tura wa ƙanwarmu ita kaɗai, ba zan faɗa a nan ba, don ba shari'ar mutum muka zo yi ba. Ta dai samu amsarta, kuma ta ce za ta yi wa malaman sashensu irin wannan binciken kafin ta zaɓi wanda zai duba mata aikin ƙarshe.

Wanda ya gwada a kan wani masani da yake ji da shi, ya rubuto mana a ƙasa abin da mutumin ya gano, cikin jimla biyu, da Hausa, ba tare da lamba ko ɗaya ba. Zan karanto wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.